Ragon Gospon da Suɓutar Bakina

Yau kwana goma sha ɗaya da faruwar abin, amma har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Na ba matata labari ta waya, ta yi dariya har ta ƙware, ta ce dama ta sha gaya min bakina ya fi ƙafata sauri. Ita abin dariya ta ɗauke shi. Ni da nake haɗuwa da mutumin da na yi wa suɓutar bakin a bakin ƙofa kullum safiya, ban ga abin dariya ba.

A Zagreb nake, babban birnin Kuroshiya, tun Fabrairun 2024. Aikin sito nake yi a bayan gari, ɗaga kwali, jera kwali, ƙirga kwali, ni da 'yan Nepal da Filifin da Indiya, sai wani ɗan Ibo guda ɗaya da ya zama kamar ɗan'uwa saboda tukunyarmu ɗaya. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan 4 ba, ko rabin jihar Kano ba su yi ba, matasansu kuma tun da aka shiga Tarayyar Turai a 2013 suke ta kwarara Jamus da Ailan. Shi ya sa ake ɗauko irinmu. Ɗaki nake haya a ƙasan gidan wani dattijo a unguwar Dubrava. Gospon nake ce masa, haka mutanen Zagreb ke kiran namiji babba, kamar mu ce Malam ko Alhaji. Ya haura sittin, ba shi da yawan magana, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ni dai na ɗauka sanyin ƙashi ne irin na tsufa.

Ranar 30 ga Mayu ita ce ranar ƙasarsu, Dan državnosti. Bara ta zo min a bazata. Ranar Alhamis ce, na fito sayen burodi na tarar da kanti a rufe, na je na biyu a rufe, na uku ma haka, domin doka ta hana buɗe shaguna ranar hutu. A gidan mai na ƙare, na sayi burodi da tsadar da har yau ban yafe ba. Washegari a wurin aiki na tarar 'yan ƙasar suna ta mita wai an cuce su, ranar ta faɗo daidai da wani idin Katolika mai suna Tijelovo, hutu biyu ya zama ɗaya. Da na tambaya me ake tunawa a ranar, sai gardama ta kaure tsakanin direban motar ɗaga kaya da wani yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Yaron ya ce shi tun tasowarsa 25 ga Yuni ya sani. Direban ya ce ai 30 ga Mayu ce ta asali, ranar da majalisarsu, Sabor, ta fara zama a 1990 bayan zaɓen jam'iyyu da yawa na farko, aka ɗora Franjo Tudjman a kan mulki. Wata gwamnati ce ta mayar da ita 25 ga Yuni daga 2002, ranar da aka ayyana ficewa daga Yugoslabiya a 1991, sannan wata ta dawo da ita inda take daga 2020. Na yi dariya na ce ashe ba mu kaɗai ba ne, mu ma Ranar Dimokuraɗiyya 29 ga Mayu muka sani, Buhari ya ɗauke ta ya kai 12 ga Yuni. Suka yi dariya, ni kuma na shiga ganin kaina a matsayin wanda ya fahimci ƙasar nan. Daga nan aka fara samun matsala.

Bana, wato 2025, ranar ta faɗo Juma'a. Wanda bai yi zaman Turai ba ba zai gane daɗin wannan ba: ka tashi ranar Juma'a ba ka roƙi kowa izinin awa biyu ba. Na yi wanka, na ciro shaddata ruwan toka da Umma ta ɗinka min lokacin tahowa, na kafa hula zanna, na fesa turare. Jiragen cikin gari masu launin shuɗi, waɗanda suke kira tramvaj, duk an maƙala musu 'yan tutoci a goshi, ja da fari da shuɗi, da tambarin nan mai gida-gida kamar allon dara. Ba hayaniya, ba ganga, ba faretin 'yan makaranta irin namu na 1 ga Oktoba. Manya su je maƙabartar Mirogoj su ajiye furanni a nuna a talabijin, talaka kuma ya hura gawayi a bayan gida ko ya tafi bakin teku. Na je babban masallacin Zagreb, wanda aka buɗe tun 1987, na samu sahun gaba. A hanyar dawowa wata tsohuwa ta taɓa hannun rigata ta ce lijepo, wato ya yi kyau. Ranar nan ji nake kamar ni ne jakadan Najeriya.

Gospon ya gayyace ni cin abinci tun ana saura kwana uku. Abin da ya ƙara min nauyin abin daga baya shi ne ɗawainiyar da suka yi saboda ni. Mutanen nan ɗan alade suke gasawa a irin wannan rana. Amma sai ya shiga mota ya je wurin wani mahauci ɗan Bosniya ya sayo ɗan rago yankan Musulmi, ya wanke ƙarfen gashin da kansa, ya kira ni in gani da idona. Uwargidansa ta san ba na shan rakija, barasar da suke yi da 'ya'yan itace, sai ta haɗa min wani sanyin ruwan furanni da suke kira bazga. Ana saura mako guda Babbar Sallah, ga rago yana juyawa a kan wuta, kitse yana ɗiga yana cuwa. Ƙanshin nan ya ɗauke ni ya kai ni ƙofar gidanmu a Fagge, har sai da na juya baya na goge ido na ce hayaƙi ne.

Mu takwas ne a teburin ƙarƙashin inuwar inabi. 'Yarsa, wadda malamar makaranta ce, ita ke yi mana tafinta, don Kuroshiyancina bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Hira ta yi daɗi. Surukinsa ya tsokane ni da wasan Rasha na 2018, da suka ci mu biyu da nema, ɗaya Etebo ya ci gida, ɗaya Modrić ya buga daga kai sai mai tsaron gida. Na ce to ai Ahmed Musa ɗan gidanmu ne, a Kano Pillars ya yi tashe, ku tambayi Aisland abin da ya yi musu. Aka tafa, aka ƙara min nama. Aka ɗaga kofuna aka ce živjeli, ni ma na ɗaga nawa.

Sai Gospon ya ce a tambaye ni ko mu ma muna da irin wannan rana. Na ce ƙwarai, 1 ga Oktoba, 1960, muka karɓi mulki daga hannun Ingila. Da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma ciki ya ƙoshi, kowa yana kallona, shadda tana ƙyalli. Na gyara zama na ce ai mu da ku tarihinmu ɗaya ne, mu ma mun yi yaƙin basasa kamar ku. Na ce abin mamaki ma, a rana mai kamar ta yau, 30 ga Mayu, 1967, wani soja Ojukwu ya ce ya ɓalle da gabashin ƙasarmu. Na daki ƙirji na ce kakana yana cikin sojojin da suka je suka murƙushe 'yan tawayen, wata talatin ana gwabzawa, aka hana su. Na rufe da cewa duk wanda ya ce zai raba ƙasa ai sai a yi maganinsa.

'Yar ta fara fassarawa, ta kai rabi ta tsaya. Surukin, da yake yana jin Turanci, ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Gospon ya dube ta ya ce, što je rekao, me ya ce? Ta ƙarasa masa da murya ƙasa-ƙasa. Wurin ya yi tsit kamar Malam ya ci shirwa. Ya ajiye wuƙar da yake yanka nama, ya goge hannu a tsumma a hankali, ya ce da ni kalma biyar da ko ba tafinta na gane su: nije to bio građanski rat. Wannan ba yaƙin basasa ba ne. Ya miƙe yana ɗingishi ya tafi wurin wutar, ya tsaya yana tona gawayin da babu komai a kansa.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Naman da ke bakina ya ƙi haɗiyuwa.

Da na taya kwashe kwanuka, 'yar ta tsayar da ni a matakalar ɗakin girki. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce su Domovinski rat suke ce masa, yaƙin kare ƙasar haihuwa, kuma kalmar yaƙin basasa a kunnen mahaifinta zagi ce, don tana nufin ba a san wanda ya far wa wani ba. A watan Mayun 1991 an yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 90 cikin ɗari suka ce a fita. Sojojin tarayyar Yugoslabiya, waɗanda suka ce sun zo hana raba ƙasa, su da mayaƙan Sabiyawa, su ne suka yi wa garin Vukovar ƙawanya kwana 87 suna yi masa ruwan wuta, har ya faɗi ranar 18 ga Nuwamba. Can ne garinsu. Ɗingishin da na ɗauka na tsufa ne, ɓaraguzan bam ne a cinya. Ƙaninsa kuma, mai shekara ashirin da biyu, tun ranar ba a sake ganinsa ba. Yana cikin mutum sama da 1,700 da har yau ake nema. Kakarta ta ba da jini don a riƙa gwadawa da ƙasusuwan da ake tonowa, ta rasu ba ta samu ko da ƙashi ɗaya ta binne ba.

Wato ni, da bakina, a tsakar gidan mutumin, a ranar idinsa, ina cin ragonsa, na tsaya na yi wa irin sojan da ya rusa garinsu kirari.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo min. A watan Nuwamban bara na bi ta wani dogon titi da dare na ga an jera jajayen fitilun kyandir a gefensa, dubbai, iya ganinka. Na ɗauki hoto na sa a WhatsApp na rubuta cewa Turawa sun fara shirin Kirsimeti. Titin Vukovar ne. Makoki suke yi.

Daren nan ban yi barci ba, kuma ba zan ɓoye ba, ba kunya kaɗai ta hana ni ba, har da haushi. Na yi ta yi wa kaina lauya. Wa ya koya min? A makarantar da na yi ko tarihin Najeriya ba a koyar da mu ba, balle na wata Yugoslabiya. Su fa, me suka sani a kaina? Shekara ɗaya da wata huɗu ana tambayata ko akwai zaki a unguwarmu. A jirgi kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Ni kullum ni ne mai koyon gaisuwarsu, mai koyon raba shara kala huɗu, mai yin shiru ranar Lahadi, rana ɗaya da na buɗe baki na faɗi wani abu game da gidanmu sai ya zama laifi. Can wajen asuba haushin ya sauka, ya bar ni da hoton tsohon yana tona gawayi.

Da safe na buɗe ƙofa na tarar da faranti a nannaɗe a kan dakali, cinyar rago ce da dankali. Ba takarda, ba sallama.

Ranar Litinin na ba abokina ɗan Ibo labari lokacin hutun cin abinci, ina jiran ya yi dariya kamar matata. Bai yi ba. Ya tambaye ni ko na san inda yake ranar Juma'ar. Ya ce yana ɗaki, bai fita ba, haka yake yi duk 30 ga Mayu tun yana gida. Ƙannen mahaifiyarsa biyu yunwa ce ta kashe su a 1968, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja. Ya ce na mutanen nan ya yi nasara shi ya sa ake kafa tuta, namu bai yi ba shi ya sa kake ce mana 'yan tawaye. Ban yarda da shi duka ba, har yanzu ina ganin Najeriya a haɗe ta fi, kuma ba kowace rabuwa ce iri ɗaya ba. Amma ban iya ce masa komai ba. Shekara guda muna cin shinkafa a kwano ɗaya, ban taɓa sani ba. Ya turo min sauran naman da ke gabansa ya ce in ci, ƙararrawa ta kusa.

Da daddare na kira Umma. Na fara ba ta labari, sai na ji ana ƙwace wayar. Hajiya ce, kakata, matar marigayin. Ta fara da abin da ta saba: kai mijin banza, ka tafi ka bar ni da cefane, ko ka samu Baturiya ne? Na ce Hajiya ai ke ce uwargida ko mata nawa na yi. Da na gaya mata abin da na faɗa a kan Baba Soja, sai wasan ya ɗauke daga muryarta. Ta ce, wa ya gaya maka alfahari yake da shi?

Ni dai abin da na sani, tsoho ne mai tsabta da ke zama a kan buzu a zaure, yana ba mu alewa, muna ce masa Baba Soja muna sara masa. Hajiya ta ce tana amarya wata huɗu aka ɗebe su a 1967, bai fi shekara ashirin ba, horon 'yan makonni aka yi musu. A rundunar Murtala ya faɗa, yana cikin waɗanda aka zuba a jiragen ruwa daga Asaba za su tsallaka kogin Kwara su shiga Anacha. Cikin waɗanda suka tafi tare daga unguwarsu shi kaɗai ya dawo. Ta ce har ya koma ga Allah bai ƙara cin kifi ba. In an fara harba bindigogi a hawan sallah, ɗaka yake shigewa ya ja ƙofa, mu kuma yara muna cewa Baba ba ya son hayaniya. Ta ce akwai abin da ya gani a Asaba da ko ita bai gaya wa ba, sai dai cikin dare ya tashi yana istigfari. Kuɗin fanshonsa kuwa, ya yi ta zaryar tantancewa da takardu a leda har ƙafa ta gaza.

Sannan ta faɗi wadda ta fi dukana. Ta ce kai da kake cewa a yi maganin mai raba ƙasa, a 1966 ai mu ne nan muke ihun a raba, a raba, a titunan Kano. Tana budurwa ta ji da kunnenta. Akwai wani tela ɗan Ibo maƙwabcin mahaifinta da ya gudu ta tashar jirgin ƙasa ya bar masa keken ɗinki amana, aka ajiye shi a lulluɓe shekara da shekaru, bai dawo ba. Ta ce kai dai ka je ka ba bawan Allah haƙuri, ka yi masa ta'aziyyar ɗan'uwansa, ko a addininsu ba a yi?

Ranar Sallah, 6 ga Yuni, rabin yini aka ba ni. Bayan idi na gaya wa wani dattijo ɗan Bosniya da muke gaisawa. Ya girgiza kai ya ce yaro, a yankin nan kowane ƙauye da nasa lissafin gawarwakin. Ya ce ranar 5 ga Agusta ma hutu ce, suna murnar ƙwato garin Knin a 1995, amma a makon nan dubun dubatar Sabiyawa suka bar gidajensu a kan taraktoci, su kuma ranar kukansu ke nan. Ya ce in an gayyace ka, ka ci nama, ka yabi ƙwallo.

Na biya wurin mahaucin na sayi kilo biyu, na soya shi irin suyar layya har ya yi ƙarau, na barbaɗa yajin da Umma ta ƙullo min. Na zuba a farantinsu, don ba a mayar da kwano haka nan. Na kwana biyu ina haddace jimlar. Da ya buɗe ƙofa na ce, oprostite, gospon, ku yafe ni, na ji baƙin cikin abin da ya sami ɗan'uwanku. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, djed, kakan naka, ya dawo? Na ce ya dawo. Ya ce dobro, wato madalla. Ya ɗauki tsoka ɗaya ya jefa a baki, yaji ya sarƙe shi, ya yi ta tari yana dukan ƙirji yana kiran matarsa ta kawo ruwa. Tun ranar muna gaisawa, amma bai sake cewa in zo in zauna ƙarƙashin inabin ba, ni ma ban nema ba.

Ragon da na aika kuɗinsa gida Umma ta ce ya yi, sai dai na gidan Alhaji na kusa da mu ya fi shi ƙaho, kuma ƙanina ya ci kuɗin mota a ciki, wannan maganar sai mun zauna. Ɗana ya ƙi yarda a cire masa kayan sallah har ya yi barci a ciki. Hajiya ta sa an buɗe akwatin ƙarfen Baba Soja da ke ƙarƙashin gadonta, wai akwai hotonsa da kaki. Na ce a ɗauko min. Ƙanin nawa ya turo jiya, ya ɗauka a karkace, babban yatsansa ya rufe rabin fuskar. Yaro ne siriri, hular ta yi masa yawa, kunnuwan irin na ɗana. Na ce ya sake ɗauka da rana a tsakar gida, ya ce datarsa ta ƙare, in turo.